Gwandu da Kalgo a Tsakanin Turawa Uku: Takardun Alkawari, Iyaka da Zaman Jama'a, 1885 zuwa 1906

Mulkin mallakar da Ingilishi suka shimfiɗa a duniya iri biyu ne, ko da yake sau da yawa akan haɗa su a kira su da suna ɗaya. Akwai mulkin kaka-gida, inda Turawa suka kwaso matansu da 'ya'yansu suka sauka a ƙasar wasu, suka sare daji suka yi gonaki, suka ture masu ƙasa gefe. Haka aka yi a Amurka tun daga kafa Jamestown a 1607, haka kuma aka yi a Kenya da Rodeshiya daga baya. Akwai kuma mulkin da Bature kan zo shi kaɗai da akwatinsa, ya yi aikin shekarun da aka ɗiba masa, ya koma gida ya ci fansho. Wannan na biyu shi ne rabon Nijeriya ta Arewa.

Amma fa farkon al'amarin kusan ɗaya ne. A Amurka kamfani ne ya fara shiga, wato Kamfanin Bajiniya, da takardar izinin da Sarkin Ingila ya ba shi a 1606. A can ma kogi ne abin rigima, domin Faransa ta riƙe kogin Sen Loran da na Misisifi, Ingilishi suna bakin teku, sai suka yi karo a kwarin kogin Ohayo, aka gwabza yaƙin da bai ƙare ba sai da sulhun Faris na 1763. A can ma kowane ɓangare yana yawo da takardun da ya ce sarakunan ƙasa sun sa wa hannu. Bayan shekara ɗari da ashirin sai ga wasan nan an sake buga shi a bakin Kwara, Jamus ta shigo ta zama ta uku, kuma fadar da kowa ke neman hatiminta ita ce ta Gwandu.

Abin da ya sa aka damu da Gwandu

Wanda ya san Gwandu ta yau, ƙaramar hukuma ɗaya cikin ƙananan hukumomi 21 na Jihar Kabi, zai yi mamakin yadda sunanta ya riƙa yawo a ofisoshin London da Faris da Balin. Dalilin yana cikin rabon da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen 1812, sa'ad da ya danƙa gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello, yamma da kudu maso yamma kuwa a hannun ƙanensa Malam Abdullahi. Da wannan rabo ne Nufe da Ilori da Yawuri suka zama masu kai gaisuwa Gwandu, haka kuma ƙasashen hayin Kwara irin su Sayi da Torodi da Yaga da Liptako, wadda babban garinta shi ne Dori, a cikin Burkina Faso ta yanzu. Wato ke nan kogin Kwara, tun daga wajen Lakwaja har Sayi, cikin rabon Gwandu ya faɗo. Bature kuwa a wancan zamani ba abin da yake so kamar kogi, gama shi ne hanyar jirginsa.

To, amma a takarda ne ƙasar take da wannan faɗi. A ƙasa kuwa labari ya sha bamban. Tun da Yakubu Nabame ya yi tawaye a 1849, Kabawa suka sake tsayawa da ƙafarsu a Argungu, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara musu baya. Da Bature Barth ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu, ya tarar da gari cikin fargaba, hanyar Sayi kuma ba ta biyuwa sai da shiri. A nan ne dai ya sami kwafen littafin tarihin Sangai ya zauna yana kwafa, abin da ke nuna cewa ko da takobin Gwandu ya dakushe, alƙalaminta bai bushe ba. A 1860 Sarkin Gwandu Haliru ya rasu a fagen fama da Kabawa. Daga nan sarakunan suka mai da zamansu Ambursa, a bakin daga, suna tsaron ƙasa. Sulhun da ake kira Lafiyar Toga, wanda aka ƙulla a 1867, ya ba jama'a hutun kimanin shekara takwas, sa'an nan aka koma gidan jiya.

Wannan hali shi ya tsara yadda mutane suka zauna. Ba mai yin gida shi kaɗai a tsakiyar gona. Jama'a kan dunƙule cikin garuruwa masu ganuwa, manomi ya fita da safe da kwari da baka, ya komo kafin a rufe ƙofa. Garuruwan da ke jere a bakin fadamar Gulbin Kabi, tun daga Ambursa da Birnin Kabi zuwa Kalgo da Bunza, su ne suka zama katanga tsakanin Gwandu da maƙiyanta na hayin gulbi. Kalgo tana kudu da Birnin Kabi, a inda hanyar Jega da ta Bunza suka rabu, saboda haka mai zuwa babbar kasuwar Jega daga yamma, ko mai gangarawa Dandi da Illo, da wuya ya kauce mata. Fadama ta ba ta shinkafa da kifi da makiyaya, hanya kuma ta ba ta baƙi.

Takardu huɗu, fassara biyu

An tashi daga taron Balin a watan Fabrairu na 1885. Kafin damina ta yi nisa sai ga Joseph Thomson ya iso da sauri, wakilin kamfanin George Goldie, domin an sami labarin cewa Bajamushe Flegel, wanda ya riga ya san ƙasar, yana shirin zuwa da irin wannan buƙata. Thomson ya sami hatimin Sarkin Musulmi Umaru a farkon watan Yuni, ya wuce Gwandu ya sami na Sarki Maliki cikin watan nan. A rubutun Turanci an ce sarakunan biyu sun bar wa kamfani duk haƙƙinsu a kan ƙasar da ke gaɓar kogi hagu da dama, a takardar Gwandu an ce tafiyar awa 10 daga bakin ruwa, kamfani kuwa zai riƙa ba Sakkwato kaya na darajar buhun wuri 3,000, Gwandu na 2,000, a kowace shekara. Da waɗannan takardu Goldie ya ƙarfafa hujjarsa har ya sami izinin sarauta a watan Yuli na 1886, kamfanin ya koma amsa sunan Royal Niger Company.

A nan ya kamata a dakata, don nan ne gizo ke saƙa. Sarkin da ya gaji Malam Abdullahi, mai littafin Liya'ul Hukkami, ba shi da ikon sayar da ƙasar Musulmi ga wanda ba Musulmi ba, ko da ya so. Abin da shari'a ta ba shi shi ne ya ba baƙon ɗan kasuwa amana, ya shiga ya fita lafiya, ya yi cinikinsa, ya kawo abin da aka yanka masa. Saboda haka buhunan wurin nan da kamfani ya rubuta a littafinsa a matsayin kuɗin ƙasa, a fadar Gwandu gaisuwa ce irin wadda kowane mai neman inuwar sarki kan kawo. Shaida kuwa ba ta yi nisa ba. Jamusawa biyu, Staudinger da Hartert, sun iso bayan Thomson da 'yan watanni, suka komo da labarin cewa a fada an musa cewa an ba kowa ƙasa. Ba lalle ne a ɗauki maganar Bajamushe a kan Ingilishi kamar yankan wuƙa ba, tun da kishiyoyi ne. Sai dai duk abin da sarakunan suka aikata daga baya ya gaskata shi.

Rigimar farko a Nufe ta tashi. Wani ɗan kasuwar Jamus mai suna Hoenigsberg ya shiga Nufe a 1887 ya ƙi bin dokokin kamfani, kamfani ya kama kayansa ya kore shi. Jamus ta ce Nufe ƙasa ce mai cin gashin kanta, kamfani ba shi da hurumi a can. Kamfani ya amsa da cewa Nufe baran Gwandu ce, Gwandu kuwa ta sa hannu. (Mai nazarin takardun lokacin sai ya yi hattara, don Etsu Nufe na wannan zamani shi ma sunansa Maliki, har wasu marubuta kan rikita su.) Daga ranar nan darajar hatimin Gwandu ta tashi a kasuwar Turai. Kamfani ya sake aiko wakili a 1890, ya kuma aiko William Wallace a 1894, kowane zuwa da sabuwar takarda mai faɗin iko fiye da ta baya. A watan Afrilu na 1895 sai ga ayarin Jamusawa daga Togo, ƙarƙashin Dokta Gruner, su ma suka fita da takarda daga hannun Sarki Umaru Bakatara, suka koma suna cewa Gwandu ta shiga kariyar Jamus.

A idon Bature wannan yaudara ce, a ce sarki ɗaya ya sayar da doki ɗaya ga mutum biyu. A idon sarki kuwa ba doki aka sayar ba, masauki aka bayar, kuma ba a taɓa jin an hana mai gida saukar da baƙo na biyu don na farko yana ɗaki ba.

Abin dariya a ciki shi ne yadda kamfani ya riƙa sauya baki. A 1885 ya yi takarda biyu, kamar yana hulɗa da dauloli biyu. Da Jamus ta fito da tata takardar, sai ya ce ai Gwandu ƙarƙashin Sakkwato take, ba ta da ikon ƙulla komi ita kaɗai. Gaskiyar magana tana tsakani. Sarkin Gwandu yana naɗa sarakunan rabonsa, yana karɓar gaisuwarsu ba tare da ta bi ta Sakkwato ba, amma Sarkin Musulmi ɗaya ne. Irin wannan zumunci na wa da ƙane ba shi da gurbi a dokar ƙasashen Turai, wadda ba ta san komi ba sai mai mulki da wanda ake mulka.

Faransa ta zo da ƙafa

Jamus takarda kawai ta riƙe, kuma takardar ba ta haifar mata da ko taƙi ɗaya na ƙasar Gwandu ba. Faransa ce ta zo da soja. A ranar 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barawa a bakin tafkin Cadi, da sharaɗin cewa duk abin da yake na daular Sakkwato bisa gaskiya zai faɗa wa kamfani. Ba wanda ya san iyakar wannan gaskiya a cikin masu sa hannun, kuma layin bai ce komi ba game da yammacin Kwara. Monteil ya ratsa ta Sayi da Argungu zuwa Sakkwato a 1891, ya gani da idonsa cewa Argungu ba ta bin kowa, kamfani kuma ba shi da ko mutum ɗaya zaune a wajen. Ya kai wa gwamnatinsa wannan labari, ita kuwa ta riƙe shi da kyau.

Sauran ya zo da sauri. A 1894 Lugga da Bafaranshe Decoeur suka yi tseren zuwa Nikki a ƙasar Bargu. A farkon 1897 sojan kamfani suka ci Bida da Ilori, wato manyan barorin Gwandu biyu, waɗanda gaisuwarsu ita ce jigon baitulmalinta. A cikin shekarar nan Faransa ta shiga Busa da Sayi da Dori. Kamfanin da ya ce shi ne mai kare Gwandu shi ya yanke mata hannun dama, Faransa ta yanke na hagu, duk cikin shekara guda, ba tare da an harba bindiga ko ɗaya a ƙofar Gwandu ba.

Har an kusa yaƙi tsakanin Turawan biyu a Bargu, kafin a sasanta a Faris ranar 14 ga Yuni 1898. Iyakar da aka yanka ta taɓa Kwara mil 10 sama da mashigin Illo, ta bi Dallol Mauri, sa'an nan aka kafa tsinken kamfas a birnin Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100. Da Faransawa suka gwada bin bayan bakan nan zuwa Damagaram sai suka tarar ba rijiyoyi, suka dawo suna kuka. Aka gyara musu a 1904 da 1906, aka ba su Birnin Ƙonni da Maraɗi. Ta haka Gaya ta zama ta Faransa, Kamba ta zama ta Ingilishi, alhali kuwa Dandawan garuruwan biyu dangin juna ne. Gishirin Foga da aka saba kaiwa kasuwar Jega ya wayi gari kayan ƙetare ne.

Ranar 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfani. A 1902 sojanta suka sauka Argungu, Sarkin Kabi Sama'ila ya karɓe su hannu biyu, don yana ganin ya sami abokin gaba da Fulani. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris 1903, Gwandu kuwa ta miƙa wuya ba tare da yaƙi ba. Wanda zai zarge ta da tsoro sai ya fara duba abin da ya rage mata a lokacin: Nufe da Ilori sun tafi, yamma ta tafi, Kabawa na gabanta, Turawa na bayansu.

Zaman jama'a bayan an ja layi

Turawa ba su mayar wa Gwandu da barorinta ba. Nufe da Ilori aka yi musu lardunansu, sarakunansu suka karɓi sanda daga hannun Gwamna kamar yadda Sarkin Gwandu ya karɓa. Bayan tashin Satiru a 1906 aka tuɓe Sarki Muhammadu Bashiru bisa zargin yana da ra'ayin masu tawaye, aka naɗa Haliru, aka kuma tsai da mazaunin sarauta a Birnin Kabi, tsohon birnin Kabawa da Malam Abdullahi ya ci a 1805. Shi ya sa har yau Sarkin Gwandu ba a Gwandu yake zaune ba. Garin Gwandu ya zama wurin ziyara, inda hubbaren Malam Abdullahi yake, hakimi na riƙe da shi.

Da yaƙi ya ƙare sai ganuwa ta rasa aiki. Mutane suka fara fita suna kafa tunga da ƙauyuka kusa da gonakinsu, filayen da a da ba mai iya nomawa don tsoron hari suka shiga hannu. Dokar 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa bayan ƙarshen Maris na shekarar ɗa ne, ba bawa ba, bayi da yawa kuma suka bar gandayen iyayengijinsu suka nemi nasu wuri. Daga hayin iyaka Zabarmawa da Arawa suka riƙa kwararowa, suna gudun aikin tilas da harajin Faransa. An raba ƙasa gunduma gunduma, aka ce kowane hakimi ya tafi ya zauna cikin gundumarsa ya tara haraji da jangali. A cikin wannan tsari ne sarautar Sarkin Gobir na Kalgo ta zama babbar kujera ta 'ya'yan gidan sarauta. Alhaji Haruna Rashid ya riƙe ta kafin ya zama Sarkin Gwandu a 1954, daga baya kuma ya shugabanci Majalisar Sarakuna ta Jihar Arewa a Kaduna.

Abin da bai faru ba shi ne zuwan 'yan kaka-gida. Fadamar Gulbin Kabi ba ta kasa wata ƙasar noma ba, amma ba Baturen da ya yanke eka dubu a cikinta. Akan ce zafi da sauro ne suka hana, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai bai isa bayani ba. Ƙasar cike take da mutane masu sarakuna da alƙalai da rubutu, waɗanda suka san haraji tun kafin Bature, saboda haka ya fi arha a bar manomi a gonarsa a karɓi haraji ta hannun sarkinsa. Ga kuma darasin Satiru, wanda ya nuna wa Turawa 'yan ƙalilan ɗin nan cewa zamansu ya dogara ne ga yardar sarakuna. Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga a 1907, ya sa aka bincika al'amarin ƙasa, abin da ya haifi dokar 1910 wadda ta sa dukan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, a riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa, baƙo ba ya samun komi sai haya. Shi wannan Girouard da aka mai da shi Kenya a 1909, a zamaninsa ne aka tashi Masai daga makiyayarsu don a ba Turawa, har abin ya jawo ya ajiye aiki a 1912. Mutum ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne a can akwai 'yan kaka-gida masu murya, a nan babu.

A Amurka ma muryar nan ce ta yi aiki. Bayan an kori Faransa a 1763, gwamnatin London ta hana Turawanta ƙetare duwatsun Afalashiya don kada a tsokano masu ƙasa, hanin nan kuwa yana cikin abubuwan da suka fusata su har suka ɓalle a 1776. Wato 'yancin Amurka na baƙi ne, masu ƙasa ba su ga komi a ciki ba sai ƙarin asara. A Gwandu da Kalgo Bature bai wuce bariki ba, shi da Razdan da Di'o da likita, da fili mai faɗi tsakaninsu da gari. Da aka sauke tutarsu a 1960 ba gonar da aka yi shari'ar ƙwatowa.

Sai dai abu biyu sun zauna. Dokar 1910 ta bar gado, domin ikon da ta ba Gwamna a kan ƙasa shi ne ya bi ta dokar Arewa ta 1962 har ya shiga dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda ta game Nijeriya duka. Da wannan iko ne gwamnati kan karɓi gonaki idan za ta yi babban aiki, ta biya diyyar amfanin da ke kai, kuma a gefen Kalgo ne aka ba Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin. Na biyu shi ne layin 1898 da gyare-gyarensa. Da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, motocin da suka saba bi ta Kalgo da Bunza zuwa Kamba sun yi cirko-cirko, mai 'yar'uwa a Gaya kuwa sai ya bi ta daji ko ta kwalekwale kafin ya kai mata gaisuwar haihuwa.